Turken da Na Cire

Kawu ya tsuguna gaban turken. Ruwan kogin yana lasar tsaga ta farko, daidai inda ya bar shi da safe. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu, ya duba launinsa, ya zubar. Wani ɗanyen reshe ya wuce ta gabansa da ganyensa kore shar, ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya waiwayo. Mu goma sha biyar ne a kan yashin nan, amma ni ya kalla.

"Farfesa, wani ya taɓa turken nan?"

A nan tsoro ya fara kama ni. Kafin in haɗa kalma, Manaja ya amsa daga kan kujerar robar da yake zaune.

"Haba Baba, wa zai taɓa maka sandarka? Zinariya ce?"

Baƙi suka yi dariya. Kawu bai yi ba, ni yake kallo har yanzu. Na girgiza kai.

Yau kwana huɗu da wannan girgiza kan. Ba na son tunawa. Amma an riga an rubuta wani labari a kan Kawu, an buga shi da na'ura, an sa hatimi, kuma ƙarya ce. Shi ya sa na zauna in rubuta nawa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin da shida yana kan kogin nan. Ya fara da kwale-kwale da filafili tun ba shi da gemu, daga baya ya samu jirgi mai inji. Kafin a gina gada, duk wanda zai tsallaka sai ta hannunsa: 'yan makaranta, mata masu naƙuda, 'yan kasuwa da buhunansu, awaki, har gawa. Yana alfahari da cewa ruwa bai taɓa cin ko takalmin fasinjansa ba. Idan aka tuna masa da hular wani babban ma'aikaci da ta faɗa kogi, sai ya ce, "Wannan iska ce ta ɗauka. Ku je ku tuhumi iska."

Ƙarar inji ta kashe masa kunnen hagu. Inna, matarsa, tana cewa kunnen yana da wayo, ba ya mutuwa sai an zo maganar gyaran rufin ɗaki. Gidansu ɗaki biyu ne da tsakar gida, kullum akwai rigunan ruwa a shanye a kan igiya, kuma a bayan ƙofa akwai wani tsohon bokitin fenti cike da turaku. Shi yake fiƙe su da kansa, kowanne tsawon kamu ɗaya da rabi, ya yi masa tsaga shida da wuƙa, tsakanin kowace tsaga faɗin yatsu biyu.

Duk inda ya tsaya da jirgi, kafin ya sauke kaya, sai ya buga turke a bakin ruwa, ruwan yana taɓa gindin tsagar farko. Daga nan ba ya tambayar kowa labarin kogi. Ruwan sama yakan zuba a can bayan duwatsu, inda ido ba ya kaiwa, a nan kuma rana na haskawa. Turken ne yake gaya masa. Tsaga ɗaya ba komai. Uku kafin rana ta yi tsaka, a fara naɗe kaya. Biyar, a bar kayan a tsira da rai. Masunta sun daɗe suna kiransa Baba Turke, shi kuma ya karɓi sunan kamar rawani.

Da aka gina gada, aikin fito ya mutu. Kawu ya yi shekara uku yana gyaran injinan mutane a ƙarƙashin wata rumfa, yana kallon kogi kamar wanda aka raba da matarsa. Sai wani kamfani ya buɗe ofis a kusa da tashar jirgi, yana kai masu yawon buɗe ido cikin kwazazzabo su kwana a tanti, su hau dutse, su dawo. Suna neman wanda ya san ruwan. Ba sai an yi dogon bincike ba.

Ni kuwa na gama jami'a, na karanci ilimin ƙasa. Kundin kammalawata a kan auna gudun kogi na rubuta shi. Shekara biyu ina yawo da takardu a ambulan. Kawu, wanda da yatsa yake sa hannu, shi ya je ya tsaya gaban Manaja ya ce yana da ɗa mai digiri. Tun ina ƙarami yake kirana Farfesa, tun ranar da na gyara masa lissafin fasinjoji a gaban mutane. Da na fara aikin ya ce min, "To Farfesa, kai ka san ruwa a takarda, ni na san shi a ƙafa. Idan muka haɗa, ai sai kogin ya nemi sulhu."

Manaja mutum ne mai son hoto. Yana da hula mai faɗin baki da takalmin hawan dutse wanda bai taɓa hawa dutse ba. Bai iya iyo ba, amma a gaban baƙi yakan yi maganar kogin kamar a gonarsa yake. Yana da wata babbar waya da ke nuna hasashen yanayi, yana yawan ɗaga ta ya ce, "Zamani ya zo, Baba." Kawu sai ya juya masa kunnen hagu.

Ranar Juma'a muka tashi da baƙi goma sha biyu, ma'aikatan wani ofis ne da suka zo hutu, sai Manaja da kuku da ni. Jirgin Kawu mutum takwas yake ɗauka ban da shi, don haka sawu biyu ya yi da mutane, na uku da kaya. Daga tasha zuwa sansanin tafiyar minti ashirin ce a cikin kwazazzabo, duwatsu tsaye dama da hagu.

Wurin da Manaja ya zaɓa wani farin yashi ne a gindin dutsen. Tsakaninsa da dutsen akwai wata busasshiyar ƙorama da ake takawa a tsallake. Kawu ya ce shi ya fi son a kafa tantuna a kan falalen dutsen da ke sama.

"Yallaɓai, yashin nan aro ne. Kogi ne ya ajiye shi, kuma yana zuwa ɗauka ba sallama. Ƙoramar can ita take fara cika, sai ka ga kana tsibiri."

"Baba, hoton yashin nan muka sa a talla. Mutane ba su biya don su kwana a kan dutse kamar ƙadangaru ba."

"To. Amma idan turke ya ce mu tashi, mu tashi."

"Na ji. Idan sandarka ta yi magana ka kira ni in gaisa da ita."

Kawu ya buga turkensa da dutse, ya ci gaba da sauke kaya.

Da safiyar Asabar ya duba, ruwa ya hau tsaga ɗaya. Ya ce ba laifi. Shi ne kuma jagoran hawan dutse, don ba wanda ya san hanyar kamarsa, sai ya ja baƙi suka tafi. Aka bar ni da Manaja da kuku a sansani.

Manaja yana so idan baƙi sun sauko su tarar da ƙyallen tallan kamfani a shimfiɗe tsakanin sanduna biyu, a yi hoto a gabansa. Iska ta hana. Duk sanda na ɗaure igiya sai ta tumɓuke ƙusar tantin da na soka, don yashin ba ya riƙe ƙaramin ƙarfe. Manaja ya duba nan, ya duba can.

"Ciro waccan sandar ta bakin ruwa."

"Oga, turken Kawu ne."

"Na sani. Aro za mu yi. Kai da digirinka kana tsoron itace?"

Da ma a ce ban san abin da nake yi ba, da na samu inda zan ɓuya. Na sani. Shafi guda na rubuta a kundina a kan cewa ma'aunin ruwa idan ya motsa daga inda aka kafa shi, duk abin da zai faɗa bayan nan ƙarya ne. An ba ni maki mai kyau a wannan shafin. Amma wata uku ke nan da samun aikin, kuma mutumin yana kallona yana murmushi. Na je na tumɓuke turken, ban ma duba inda ruwa ya kai a jikinsa ba. Na ɗaure ƙyalle. Ya tsaya cak.

Wajen awa huɗu turken yana riƙe da talla. Sai da muka jiyo muryoyin baƙi suna saukowa na tuna. Na sa babban dutse ya danne igiyar, na zare turken, na ruga bakin ruwa. Ramin ya ɓace. Na lalubi yashi da hannu, ban same shi ba. Da hankalina yana jikina, wannan kaɗai ya isa ya gaya min cewa ruwa ya hau ya rufe wurin.

"Soka ta ko'ina," in ji Manaja. "Tsohon ba zai gane ba."

Na soka shi a sabon bakin ruwa, na daidaita ruwan da tsaga ta farko kamar yadda na gani da safe. Da hannuna na sa turken Kawu ya yi masa ƙarya.

To, shi ne ya sauko ya tsuguna, ya yi min tambayar nan, na girgiza kai.

Ya miƙe a hankali. Ya ce launin ruwan bai yi masa ba, a ci abinci da sauri a fara naɗe kaya. Manaja ya ɗaga wayarsa.

"Babu ruwan sama yau, ga shi nan. Kuma sandarka ma ta yarda da ni. Tsaga ɗaya, ko ba haka ba? Da bakinka ka ce tsaga ɗaya ba komai."

Da wannan aka ɗaure Kawu, da maganarsa da turkensa. Aka ci abinci a natse, aka yi hotuna a gaban ƙyalle, wani baƙo ya ce a sake don idonsa a rufe yake. Ni abincin ya ƙi wucewa. Kawu bai ci ba, yana tsugune a bakin ruwa. Awa guda ta tafi a haka. A cikin wannan awar ruwa ya hau tsaga biyu a gaban idonsa.

Ya tashi ya nufi bayan tantuna. Ƙoramar da muka taka da safe ta cika da jan ruwa, tana gudu da itatuwa. Hanyar dutse ta yanke. Ya dawo, bai ɗaga murya ba.

"Kowa ya sa rigar ruwa. Mata da dattawa su fara shiga. Ba a ɗaukar komai."

Manaja ya buɗe baki, Kawu ya ce, "Yallaɓai, a ofis kai ne babba." Bai ƙara ba. Da aka ƙirga mutum bakwai, na takwas da ya shiga jirgin Manaja ne. Ya ce dole wani ya je ya shirya tarbar baƙi a tasha.

Minti arba'in muka jira, mu bakwai, yashin yana raguwa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwa ya shiga tanti na farko. Da Kawu ya dawo rigarsa sharkaf take. Muka shiga. Kogin da muka bi jiya kamar tabarma ya zama wani abu dabam, yana ɗaga jirgin yana bugawa. Na zauna kusa da shi a baya, ta wajen kunnensa mai ji. Ban san yadda maganar ta fito ba.

"Kawu, ni na cire shi. Na mayar ba a wurinsa ba."

Idonsa na kan ruwa. Ya kauce wa wani kututture, sannan ya ce, "Na ga ya karkata. Nawa ba ya karkata. Amma na ce ko jirgi ne ya goge shi, tunda ɗana ya ce ba a taɓa ba."

Na sunkuyar da kai.

"Cirewar ba komai ba ce, Farfesa. Itace ne. Da ka ce min ka cire, da na san ban san komai ba, da tun sannan mun tashi. Riƙe gefen nan da kyau."

Iyakar faɗan da ya yi min ke nan.

Muka iso tasha lafiya, mu goma sha biyar, ko takalmi bai salwanta ba. Kawu ya ɗaure jirgi ya zauna a kan matakala yana maida numfashi. A nan ya kamata labarin ya ƙare, kuma da a nan ya ƙare da ni kaɗai zan riƙa jin kunya.

Manaja ya zo ya tsaya a kansa. Janareta yana can, da jakar kyamarori, da tantuna. Ya ce a koma a kwaso.

"Ba zan koma don ƙarfe ba, Yallaɓai."

Manaja ya waiwaya wajen baƙi, waɗanda ke can cikin rumfa suna shanya jiki, sannan ya rage murya.

"Ba don ƙarfe ba ne. Hajiyar nan mai ciwon suga ta bar maganinta a tanti, a cikin shuɗiyar jaka. Allura ce, ba a samunta a nan kusa. Idan ba ta yi ba kafin yamma, ni ban san abin da zai faru ba."

Hajiyar dattijuwa ce, ita Kawu ya riƙe wa hannu a wuraren santsi a kan dutse, tana kiransa ɗan'uwa. Ya dubi kogin, ya dubi rana.

"Shuɗiya ka ce?"

"Shuɗiya. Tunda za ka je, ka haɗo da janareta da kyamarorin."

Na ce zan bi shi. Ya ce jirgi mara nauyi yake so. Na nace, ya ce, "Uwarka ɗa ɗaya gare ta, kuma ni ba na son surutunta." Rigar ruwansa ta kwance, na ɗaure masa ita da hannuna, na ja igiyoyin har sai da ya ce zan karya masa haƙarƙari. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi ranar.

Ya tayar da inji ya shiga kwazazzabo.

Bayan kamar rabin awa na shiga rumfa in ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Na tarar da ita ta zaro wata 'yar jaka daga wuyanta, tana shirin yi wa kanta allura.

"Hajiya, ba a tanti kika bar maganin ba?"

"Ni? Ɗan nan, ko banɗaki ba na shiga ba tare da shi ba. Wa ya ce maka na bari?"

"Shuɗiyar jakar fa?"

"Zannuwa ne da takalma. Ruwa ya cinye su mana."

Na fito na sami Manaja yana waya. Na tsaya gabansa har ya gama. Na gaya masa abin da Hajiya ta ce. Ko idonsa bai ƙifta ba.

"To na yi zaton ta bari. Laifi ne mutum ya yi zato?"

Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Ruwa ya haye matakala uku na tashar. Itatuwa da mushen wata saniya suka wuce. Ƙyallen tallan ma ya wuce, yana juyawa a kan ruwa. Jirgin Kawu bai fito ba.

Ranar Lahadi da rana masunta suka ga jirgin can ƙasa, ya maƙale a cikin itatuwan gaɓa, rabinsa ruwa. Janareta yana ciki, ɗaure da irin ƙullin Kawu. Jakar kyamarori tana ciki. A ƙarƙashin benci, an naɗe ta a leda an ɗaure sau biyu don kada ruwa ya taɓa, ga shuɗiyar jaka. Manaja ya sa aka kai kyamarorin ofis a duba ko sun jiƙe.

Doguwar igiyarsa ba ta cikin jirgin, da gorar tuƙi, da wuƙarsa. Wani tsohon masunci da suka taso tare ya ce min wannan ba aikin ruwa ba ne. "Ruwa ba ya kwance igiya daga ƙugiya ya bar janareta. Mutumin nan da kansa ya ɗauka. Inji ne ya mutu masa, ya ga jirgi zai bugi dutse, ya nemi bango." Ya ce a cikin kwazazzabon akwai wurare biyu ko uku da mutum zai iya maƙalewa ya hau, har da wani kogo da suke fakewa suna samari. Babu hanya ta sama, bangon a miƙe yake. Sai ta ruwa. Jami'an ceto sun gwada shiga sau biyu, kogin ya dawo da su.

Ranar Litinin Manaja ya kira ni ofis. Fanka na juyawa, ga hoton farin yashin nan a bango. Ya turo min takarda shafi biyu, rahoton da za a kai wa hukuma da masu kamfanin. Na karanta a tsaye. An rubuta cewa matuƙin tsoho ne marar ilimi, wanda ya dogara da wata sanda ta gargajiya maimakon na'urorin zamani, shi ya sa bai gane hawan ruwa da wuri ba. An rubuta cewa ya koma sansani bisa raɗin kansa, duk da gargaɗin da shugaban tafiya ya yi masa. An yaba wa shugaban tafiya saboda natsuwarsa.

Marar ilimi. Mutumin da ya fito da mu goma sha biyar daga bakin ruwan nan. Mutumin da turkensa bai taɓa yin ƙarya ba sai ranar da mai digiri ya sa masa hannu.

"Sa hannu a ƙasa, a matsayinka na masanin ruwa na kamfani."

"Oga, wannan ba haka aka yi ba."

"Zauna." Ya rufe ƙofa. "Kai yaro ne, bari in gaya maka yadda duniya take. Idan aka tono maganar sanda, wa ya cire ta? Ni ko kai? Wa ya mayar? Wa aka tambaya ya girgiza kai? Ni rufa maka asiri nake yi. Baba kuwa, Allah ya sa a gan shi, amma takarda ba za ta ƙara masa komai ba, ba za ta rage ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na tsaya na yi tunani. Na yi wajen minti guda alƙalami yana hannuna. Ya san inda zai taɓa, don ya taɓa wurin sau ɗaya a bakin kogi ya ga ya yi aiki. Na ajiye alƙalamin na fita. Ya biyo ni da murya cewa in na fita kada in dawo. Ya samu kuku ya sa hannu a madadina. Kuku yana da 'ya'ya biyar, ban riƙe shi a zuciya ba.

Daga ofis gidan Kawu na wuce. Tsakar gidan cike da mata, mahaifiyata tana cikinsu, idonta ya kumbura. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta ƙi yarda kowa ya yi mata gaisuwar rashi. Na durƙusa gabanta na faɗi komai, tun daga ƙyalle har girgiza kai, har maganar allura. Ban rage nawa ba. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi.

Inna ta dube ni.

"Ka gaya masa shi?"

"Na gaya masa, a cikin jirgi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in riƙe gefe da kyau."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Halinsa ke nan. To ni ba shi ba ce, ba zan ce maka ba komai ba. Akwai komai. Amma ba gabana za ka durƙusa ba. Tashi ka je inda suka kai takardar can, ka faɗa musu abin da ka faɗa min. Idan ya dawo ya ji an kira shi jahili a takarda mai hatimi, wannan sai ya fi ruwan yi masa ciwo."

Na je. Jami'in da ke kula da binciken ya saurare ni, ya rubuta, ya sa na maimaita wurin turken sau biyu. Ya tambaye ni ko na san abin da nake jawo wa kaina. Na ce na sani. Hajiya ma na same ta a waya. Da ta ji da sunanta aka aika Kawu, sai ta ce a ba ta adireshin ofishin jami'in, da ƙafarta za ta zo. Ta zo jiya. Manaja bai buɗe ofis ba tun daga lokacin, wayarsa a kashe.

Wannan bai fito da Kawu daga kwazazzabo ba. Na kuma san rahoton farko yana nan a cikin fayil, kusa da nawa, kuma wani zai karanta su ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi. Wasu daga cikin baƙin sun sa hotunan tafiyar a shafukansu, suna godiya ga Allah da ya kuɓutar da su. A ɗaya daga ciki ana ganin Kawu can gefe, tsugune a bakin ruwa, ya ba kyamara baya. Ba wanda ya ambaci ko wane ne.

Jami'an ceto sun ce jirginsu ba zai iya shiga ba sai ruwa ya ja sosai. Na tambaye su da me suke aunawa, suka ce da ido. Na koma wajen Inna. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zaro turke ɗaya daga bokitin ta ba ni. Jiya da safe na buga shi da dutse a gefen matakalar tasha, ruwa yana daidai tsaga ta shida, ta can sama. Tsohon masuncin ya duba ya ce idan ya sauka tsaga huɗu, shi da kansa zai ja su ciki, ya san kogon.

Tun jiya ina zaune kusa da turken, ba na barin kowa ya matso. A nan nake wannan rubutun, a kan gwiwata. Ruwa ya sauka tsaga biyu da rabi. Jirgin ceto yana ɗaure, an zuba mai. Har yanzu ba mu ji labarin Kawu ba.